Overleaf a rahoton ƙera murya: ya biya, amma ka san yadda yake ƙirga kalmomi

Ƙa'idojin da aka ba mu na rahoton lab a kwas ɗin koya wa kwamfuta magana ba su cika shafi guda ba, amma sun fi aikin kansa tayar wa 'yan ajinmu hankali. Kada a wuce kalma 3000, a rubuta lambar jarrabawa ba suna ba, kowane hoto da jadawali ya zama da lamba da bayani a ƙasansa, a miƙa PDF, a kuma rubuta adadin kalmomi a shafin farko. Aikin shi ne mutum ya naɗi muryarsa yana karanta jimlolin ARCTIC, waɗanda jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fitar a 2003, sannan ya gina murya da Festival, manhajar mayar da rubutu magana da aka ƙirƙira a Edinbura, ya bayyana abin da ya yi da dalilinsa. Da Overleaf na rubuta nawa.

Ga wanda bai sani ba, Overleaf shafi ne na intanet da ake rubuta LaTeX, wato tsarin shirya takarda ta hanyar rubuta umarni a cikin rubutu, ba sai an saka komai a kwamfuta ba. Ya fara a 2012 da sunan WriteLaTeX, daga baya ya haɗe da ShareLaTeX a 2017. Kana rubutu a hagu, PDF yana fitowa a dama.

Inda ya fi burge ni shi ne lambobin hotuna da manazarta. Rahoton irin wannan cike yake da hotunan sauti. Na sa wani da ke nuna inda Festival ya haɗa gutsattsarin sauti biyu daga jimloli daban-daban, har kana ganin inda ratsin ya karye a tsakiyar wasali. Daga baya na ga ya fi dacewa ya zo bayan bayanin yadda Festival yake auna dacewar kowane gutsuren sauti da kuma santsin haɗi, wato dabarar da masu bincike Hunt da Black suka bayyana a takardarsu ta 1996. Ina matsar da shi, duk lambobin suka gyara kansu, har da inda na ce "duba Hoto na 4" a cikin rubutu. Wanda ya taɓa bin hotuna ɗaya bayan ɗaya yana canza lamba da hannu da tsakar dare ya san darajar wannan. Hotunan kuma, idan ka fitar da su daga Praat, manhajar nazarin sauti, a matsayin PDF maimakon ɗaukar hoton allo, rubutun gefensu yana fita tsaf ko an ƙara girmansu, kuma masu duba rahoto suna kula da wannan sosai.

Sai maganar ƙirga kalmomi, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Maɓallin ƙirgen Overleaf yana amfani da wata manhaja mai suna TeXcount, kuma ita TeXcount ba jimilla ɗaya kawai take fitarwa ba, ko da yake ba lallai ne maɓallin ya nuna maka duka ba. Tana ware kalmomin cikin rubutu daban, na kanun sassa daban, na bayanin ƙasan hotuna daban. Jerin manazarta ba ya shiga, kuma abin da ke cikin jadawali ma tana tsallake shi, sai bayaninsa kawai. To a sashenmu ƙa'ida ta ce bayanin hotuna yana cikin 3000 ɗin, manazarta ba sa ciki. Wanda ya kwafi adadin kalmomin rubutu shi kaɗai zai rubuta abin da bai kai gaskiya ba, alhali bayanin hotunansa kaɗai ya ci kalma ɗari biyu ko uku. Wanda kuma ya kwashe rubutun PDF gaba ɗaya ya zuba a Word zai ga adadi ya haura, don Word yana ƙirga duk abin da fili ya raba, har lambobin shafi da na cikin jadawali. Ni dai wannan rarrabawar ta yi min, domin ita ta nuna min cewa ina ɓoye dogon bayani a ƙasan hotuna. Kuma idan akwai sashen da ƙa'ida ta cire, kamar rataye, sai ka sa shi tsakanin %TC:ignore da %TC:endignore.

Iyakar kalmomin nan, a ganina, ba mugunta ba ce. Ita ta hana ni ɓata rabin shafi wajen bayyana yadda na buɗe manhaja, ta tilasta min faɗin dalilin da ya sa wata kalma ta fito a gurguje: babu gutsuren da ya dace a cikin abin da na naɗa.

Mai son kawo misalin Hausa a rahotonsa, kamar yadda na yi wajen nuna sautukan da ƙamus ɗin Turanci na Festival bai tanada ba, ya kula. Injin fitar da PDF da Overleaf ke farawa da shi, pdfLaTeX, yana nuna kuskure a kan ɓ, ɗ da ƙ idan ka buga su kai tsaye. Wannan halin LaTeX ne tun asali. Ko dai ka koma wani injin, XeLaTeX, a saituna ka zaɓi font irin Charis SIL, ko ka sa kunshin haruffan sauti mai suna TIPA ka rubuta \texthtb, \texthtd da \texthtk. Na zaɓi na farko.

Hidimar kyauta da Overleaf ke bayarwa, wadda ba a biyan kuɗi, ta ishe ni. Tana da iyakar lokacin haɗa takarda, don haka hotuna masu nauyi na iya sa ta tsaya, amma akwai yanayin gwaji da ke tsallake hotuna har ka gama rubutu. Tarihin gyare-gyare ma na awa 24 ne kawai a kyautar, shi ya sa nake sauke fayilolin a zif duk dare. Sai dai Overleaf yana son intanet mai ƙarfi, kuma wanda bai taɓa LaTeX ba kada ya fara koyo a makon miƙa aiki. Ya gwada shi tun a ƙaramin aikin farkon zango.