Zaɓen Mazubin Furanni: Gilashi, Tukunyar Ƙasa ko Tagulla

Duk wanda ya shuka furanni a tsakar gidansa a Kano ya san cewa reshen da aka yanko da sanyin safiya yana iya langaɓewa tun kafin la'asar idan aka saka shi a mazubin da bai dace ba. Abin da ke kashe yankakken fure da wuri shi ne ƙwayoyin cuta da ke hayayyafa a cikin ruwa, su toshe ƙananan hanyoyin da karan yake shan ruwa ta cikinsu, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hayayyafar tasu ba ta ɗaukar lokaci. Saboda haka kafin a yi ciniki, sai mai saye ya duba ko hannunsa zai shiga cikin mazubin ya wanke shi har gindi.

Ta wannan fuska gilashi ne kan gaba, kuma ana samunsa iri-iri a shagunan kayan kicin na kasuwar Sabon Gari. Yana wankuwa tas, sannan da zarar ruwa ya fara gurɓacewa ido zai gani. Aibinsa shi ne gansakuka tana fitowa a ciki idan aka ajiye shi inda rana ke dukansa, ga kuma saurin fashewa a gidan da ke da yara. Mai siririn wuya yana da kyan gani a kanti, amma ba na ba da shawararsa, domin dattin da ya kwanta a ƙasansa ba ya fita.

Tukunyar ƙasa ita ce ta fi kwanta mini a rai, musamman idan aka cika ta da furen lalle mai ƙamshi da ganyen darbejiya. Tana sanyaya ruwa kamar yadda randa take yi, ta hanyar tsattsafowar da iska ke busarwa, sai dai wannan tsattsafowar ce ke rage ruwan da sauri a lokacin hunturu, ta kuma bar shaida a kan tebur. Cikinta ma ba ya wankuwa sarai. Maganin wannan shi ne a sayi mai faɗin baki, a zura kwalba a ciki, ruwan ya zauna a kwalbar. Haka ake yi wa ƙwaryar da aka yi wa zane, wadda jiƙa ke sa ta fumfuna.

Kayan tagulla na kasuwar Kurmi sun fi tsada, amma nauyinsu yana riƙe dogon reshe ba tare da kifewa ba, kuma suna daɗewa matuƙar ana goge su. A zuba ruwa a gwada tun a gaban mai kaya, domin wasu don ado kawai aka ƙera su, suna yoyo ta wurin haɗi.

Wajen girma, a zaɓi wanda furannin za su kai ninki ɗaya da rabi na tsayinsa. Kowanne aka saya, a cire ganyen da zai nutse, a yanke gindin karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a riƙa sauya ruwan kullum, domin ruwan da ya yi mako a ajiye yana iya zama wurin ƙyanƙyasar sauro a cikin falo.