Jirgin rimot na koyo: ɗauki mai batir

Ɗan'uwa, tsakanin mai batir da mai inji, ɗauki mai batir, kada ka tsaya dogon tunani.

Da Apprentice na kamfanin E-flite na koya, mai faɗin fiffike mita 1.5, jikinsa na soso. Ran da na fara ɗaga shi hannuna har rawa yake, iska ta kwashe shi sai cikin bishiyar darbejiya. Gabana ya faɗi. Da aka sauko da shi, ashe farfela ce kawai ta karye, sai ɗan tsagewa a hanci. Na shafa gam, na ɗaura sabuwar farfela, bayan la'asar ya sake tashi. Yana kuma da tsarin da ake kira SAFE: in ka sa shi a matakin mai koyo, ka rikice a sama, kana sakin sandunan rimot zai daidaita kansa, kai ma hankalinka ya dawo. Batirinsa, irin wanda ake kira LiPo, mai sel 3, yana ba ni kusan minti goma, cajinsa kamar awa ɗaya, shi ya sa nake fita da uku. In babu wuta, da batirin mota nake caji. Don Allah kada ka bar su cikin mota a zafin Afrilu, kada kuma ka jona caji ka kwanta barci, suna kama wuta.

Mai inji, ƙararsa da daɗi, kuma kana cika tanki ka sake tashi. Iyakar yabonsa ke nan a wurina, har yau ina takaicin kuɗin da na zuba. Wanda na saya ba fetur yake sha ba, haɗin sinadaran metanol da naitiro ne da baƙin mai na musamman, samunsa a nan sai an sha wuya. Rabin yini ya tafi a murɗa allurar kafireta da canjin fulogi, ƙurar hunturu ta manne da maiƙon da ya fesa wa fiffike. Jikinsa katakon balsa, mummunar faɗuwa ɗaya ta tarwatsa shi.

Ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet. Wani zai saka hoton jirgi da rimot, kaya su iso babu rimot babu caja. Tambayi ko RTF ne, shi ne mai zuwa da rimot, sannan a lissafa maka ko akwai batir da caja a kwalin. Batirin da ya kumbura ko kyauta ne kada ka karɓa. Na hannu kuwa, sai an kunna shi a gabanka ka ga kowane fiffike yana amsa rimot kafin kuɗi ya fita.

Ka haɗa da farfela biyu na ajiya tun ranar farko.