Wace manhaja da wace laftof za ka saya in kana son kallon karon galaksi?

Jama'a masu tambaya daga Agege da Idi-Araba, ni dai manhajar Universe Sandbox nake so kuma ba na ɓoyewa. A Steam, shagon manhajoji na intanet, ake sayenta, ka ɗauko Milky Way tamu da Andromeda, galaksi biyu wato manyan tarin taurari, ka hanzarta lokaci, sai ka ga sun ratsa juna taurarinsu ko taɓa juna ba su yi ba saboda tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, amma ƙarfin janyowa ya fizgo dogayen jela na taurari, su rabu su sake dawowa har su dunƙule su zama galaksi ɗaya mai siffar ƙwai. Irin jelar nan ce masana taurari Alar da Juri Toomre, wa da ƙani, suka nuna da kwamfuta tun 1972. Kuma fa ba tatsuniya ba ce, Andromeda na nesa da mu shekarun haske miliyan 2.5 tana kuma tunkaro mu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa.

GADGET-2, wani shirin lissafin karon galaksi na masani Volker Springel, kyauta ne amma na masana ne, sai Linux da haƙurin Annabi Ayuba. Manhajar Stellarium kuwa kallon sama kawai take, babu karo.

Laftof ɗin ne wajen da ake cutar mutane. Lissafin yana da nauyi, in kowane ɗigo mai wakiltar taurari yana jan kowane ɗigo, ka ninka su biyu aikin ya ninku huɗu, don haka ƙaramar na'ura sai ta ɗau zafi fanka na ihu hoto na tsayawa. Nemi RAM 16GB in da hali. A Kwamfuta Bilej ta Ikeja wani ya taɓa sayar min da tokunbo mai sitikar i7 a jiki, ashe tsohuwar i3 ce a ciki, wato firosesa mai ƙaramin ƙarfi, wallahi har yau abin na ci min rai. Kar ka yarda da sitika ko bakin 'yan kamasho masu tare ka a bakin titi, buɗe Task Manager na Windows a gaban mai shago ka karanta sunan firosesa da yawan RAM da idonka, sannan ka zare caja ka ga ko batir zai riƙe, kun san halin wutar Legas. Ka taɓa ƙasan na'urar ka ji zafin, ka karɓi rasit mai sunan shago.

Masu cewa za su tura maka Universe Sandbox a filasha kan 'yan canji ma ka guje su, kwafin sata ne, ba ya sabuntuwa, sau da yawa da bairos yake zuwa.