Daga Birmingham: A Nan Kare Ma Yana da Rajista

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in ba ka labarin kaya da tsadar rayuwa a Ingila, to bari in fara da abin kunyar da ya same ni.

Satin farko na shiga babban kanti, na ɗauko gwangwani mai hoton nama, ina murna na samu na miya da araha. Sai wata tsohuwa ta nuna min hoton kare a gefensa. Ashe layin nan kaf, daga wannan bango zuwa wancan, abincin karnuka ne da maguna. Suna da asibitinsu, suna da inshora, har akwai masu sana'ar fita da kare shan iska a biya su. Kuɗin ganin likitan dabbobi kuwa, maƙwabcina ya ce ya fi ba shi tsoro a kan kuɗin wuta.

Sai dai gatan nan da sharaɗi. Tun 2016 dole a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda lambarta ke nuna sunan mai shi da adireshinsa. Wanda ya ƙi, tara har fam 500. Daga Yunin 2024 maguna ma sun shiga. In karenka ya yi kashi a hanya, kai za ka sunkuya da leda ka kwashe. Na ga mutum da kwat da taye yana yi, wallahi sai da na kau da kai. In ka bar kashin, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya gan ka, tarar nan take tana kai fam 100, in aka je kotu har 1,000. Ka buga da naira.

Inda abin ya fi tsanani shi ne cizo. Dokar 1991 ta hana mallakar wasu nau'o'in karnuka, kuma daga Fabrairun 2024 mai kare nau'in XL Bully sai da takardar izini, in zai fita da shi sai da takunkumi da igiya. Karenka ya ji wa mutum rauni, kana iya shan ɗaurin shekara 5. In ya kashe, har 14.

Nan na tuna ranar da kare ya ciji ɗan autanmu a bayan layi. Mai karen ya rantse ba nasa ba ne, mu muka yi ta yawon neman allurar haukan kare har gari uku. Abincin gwangwanin bai burge ni ba, amma wannan lambar da ba ta bari mutum ya yi musu, ita nake mana sha'awa.

Don Allah ka sa a kai karen gadin gidanka a yi masa rigakafi, zan turo kuɗin. A gaida Inna da su Yaya Babba.