Na ba da giwata na karɓi MacBook Air, sai da magana ta kai gaban shugaban layi

Shekara uku ina yawo da kwamfutata Legion 5, wadda nake kira giwata, a bayana kamar mai goyo. Wanda ya san ta ya san ba ta wasa: Ryzen 7, RTX 3060, ram 16. Lokacin da na saye ta sana'ata haɗa bidiyon biki, daga kamu har dina, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai dai ita kaɗai ta kusa kilo biyu da rabi, cajarta kuwa bulo ce mai zaman kanta. Ka haɗa su a jaka ɗaya, kafin ka sauka daga adaidaita kafaɗarka ta fara yi maka ƙorafi. In aka ɗauke wuta, da ƙyar take kai awa biyu. Ba laifinta ba ne, don tebur da soket aka yi ta, ni ne na mayar da ita abokiyar tafiya.

Bara na bar harkar biki na koma aikin ofis. Yanzu aikina rahoto ne da Excel da taron Zoom, ga zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Abuja. Ranar da fankarta ta tashi a tsakiyar wani taro har wanda ke kusa da ni ya waiwayo yana neman inda aka kunna janareta, ranar na ce to, zama ya ƙare.

Sayar da ita ya fi sayenta wuya. Abokai kowa yana so, amma sai ya taya kamar mai sayen tumatir da yamma. Na zaga Beirut Road, na leƙa Farm Centre, maganar ɗaya ce ko'ina: “Yallaɓai, masu gem ba su da yawa, za ta daɗe a shago.” Daga ƙarshe wani abokina ya haɗa ni da wani mai shago, ba zan faɗi sunansa ko inda yake ba, muka yi musaya. Na ba shi giwata, ya ba ni MacBook Air M1 ta 2020, 'yar Landan, ram 16, ma'aji 512, ya haɗa mini da ɗan cikon da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Na san an kwantar mini, amma na gaji. Ina sa ta a jaka ya ce, “Yallaɓai, kar ka riƙa yi mata ofdet, data kawai yake ci.” Na yi dariya na ce to. Ku riƙe wannan maganar.

Sati biyun farko kam, sai hamdala. Kilo 1.29 ce, sau biyu ina buɗe jaka a hanya don in tabbatar ban manta ta a gida ba. Ba ta da fanka kwata-kwata, don haka ba ka jin ko tari. Cajarta mai wat 30 ta shige aljihun kaftani. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ina aiki, na yi taro a Abuja, na dawo masauki da daddare, ban nemi soket ba. Masu ƙera ta, wato kamfanin Apple, sun ce tana iya kai awa 18 ana kallon bidiyo. Ni ban auna ba, amma na daina leƙen bango in na shiga ɗaki, kuma wannan kaɗai ya isa. Har uwargida ta ce tun da na yi wannan canji na daina shigowa gida a karkace.

Sai wani dare na samu intanet mai ƙarfi a masauki, kwamfuta ta nuna akwai sabon macOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, na ce bari in yi amfani da damar. Ta gama, ta kunna, na shiga. Can sai ga wani allo ya rufe komai, an rubuta Remote Management, da sunan wani kamfani na ƙasar waje da ban taɓa ji ba, wai kwamfutar tasu ce, in amince su karɓi ragamarta. Ta ba ni damar ɗagawa sau ɗaya, na awa 8. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga rahoton da zan miƙa da safe yana ciki. Wallahi gumi ya karyo mini duk da sanyin na'ura. A daren na kwashe duk abin da zan iya zuwa filas, ban runtsa ba sai bayan asuba.

Daga baya wani mai gyara ya warware mini zancen. Kamfanoni a Turai da Amurka in sun saya wa ma'aikatansu irin wannan kwamfuta, suna yin rajistar lambarta da sunansu, don su iya sa mata manhaja ko su kulle ta ko su goge ta daga nesa. Rajistar ba a cikin kwamfutar take ba, tana can a wajen Apple, don haka ko ka goge ta sau goma, da ta hau intanet za ta tambaya ta wa ce, a ba ta amsa. Kamfanin da ya yi rajistar ne kaɗai ke iya sakinta. Abin da wasu 'yan kasuwa ke yi shi ne su toshe mata hanyar tambayar, ta yi shiru, har ranar da ka sabunta ta ko ka goge ta toshiyar ta fita. Ashe ba datata mutumin yake tausayi ba.

Ina dawowa Kano ban biya gida ba, shagon na nufa. Yana ganin allon ko gezau bai yi ba. “Haba Yallaɓai, ai sai da na ce kar ka yi ofdet.” Na ce Malam, ka ce mini yana cin data, ba ka ce mini kayan wasu ka ba ni ba. Ya ce ba sata ba ce, haka suke zuwa a kwantena, in bar ta minti talatin yaronsa zai rufe abin. Na ce ba rufewa na zo nema ba, a ba ni giwata, ga cikonka. Ya ce ai tun a satin wani ɗalibi ya ɗauke ta. Ita da aka ce za ta daɗe a shago!

Murya ta ɗaga, mutane suka fara taruwa, abokin da ya haɗa mu ya rasa inda zai sa kansa. Shi ne ya ce mu je wajen shugaban layin. Dattijo ne mai sanyin magana, ya saurare mu duka bai katse kowa ba, sannan ya juya ga mai shago ya yi masa tambaya ɗaya: “Kai ka san da wannan aibin lokacin da kuka yi ciniki?” Ya fara kame-kame. Alhaji ya ce, “To, ka ɓoye aibi, ciniki bai yi ba. Ka ba bawan Allah wadda ba ta da matsala.” Ni ma bai ƙyale ni ba. Ya ce, “Kai kuma ɗana, da iliminka, ka karɓi kaya ba ka sa an goge shi a gabanka ba?” Na ce Baba, na karɓi laifina.

Wadda ta rage a shagon mai tsabta ram 8 ce, ma'aji 256, batirinta ya yi zagayen caji sama da 600 cikin 1000 da aka ƙiyasta masa. Wannan karon na zauna a kan benci aka goge ta tas a gabana, na haɗa ta da intanet ɗin wayata, muka bi matakan kunnawa ɗaya bayan ɗaya har ta buɗe ba ta ambaci kowa ba, na sa asusuna da hannuna. Alhaji ya yanke ƙarin cikon da za a ba ni saboda bambancin, da ɗan abin nan mai ramuka da ake jona filas da majigi, tunda ramuka biyu ne kawai a jikinta.

Wata huɗu ke nan. In aka tambaye ni kwamfutar, ina yabonta: ko da tsohon batirin tana kai ni la'asar, aikin ofis kuma ba ta ko jin sa. Amma duk ranar da ta ce mini wuri ya cika sai abin ya dawo mini sabo, don na san ba a ƙara wa irinta ram ko ma'aji, yadda ka saya haka za ka zauna da ita, shi ya sa tun farko na nace sai mai 16. Watan jiya aka yi bikin 'yar yayata, dangi suka ce ai ga mai sana'a a gida. Bidiyon 4K na kamu kaɗai ya kusa cinye wurin da ya rage, sai da na ari ma'ajin waje, na kwana biyu a kan aikin da giwata ke gamawa tsakanin magariba da sha biyun dare. A daren nan na yi kewar ƙarar fankar da nake zagi.

Ƙarin cikon, rabi aka ba ni a ranar, sauran an ce sai an yi ciniki. Abin jona filas ɗin kuma na gaji na sayi nawa. Shekaranjiya na kira shi, ya ɗauka da fara'arsa: “Yallaɓai, kana raina wallahi, kaya na hanya daga Legas.”