Yaɓen siminti a kan tsohon ginin ƙasa: bai ci kuɗinsa ba

Wanda ya zaga cikin birnin Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa unguwannin da ke kewaye da Hasumiyar Gobarau, zai ga tsofaffin zauruka da soraye da aka lulluɓe da siminti. Wasu an yi musu haka ne bayan annobar korona, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa yana son a taɓa shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, wato daga Maris zuwa Mayu. A 2020 wannan lokacin ne aka kulle gari. Daura aka fara rufewa a watan Afrilu, Katsina ta biyo baya, kasuwanni suka tsaya, magina suka zauna gida, ko hawan Sallah da ke sa a gyara fuskar gidaje ba a yi ba. Damina ta zo ta tarar da bango tsirara. Da aka buɗe gari, mai gida ya ga ɓarna, sai ya ce a shafa siminti a huta.

A shekarar farko aikin yana da kyan gani, wannan gaskiya ce. Bango ya yi sumul, ya karɓi fenti, kuma birkila yana gamawa cikin kwana biyu ko uku. Iyakar alherinsa ke nan.

Matsalar tana cikin halin kayan biyu. Tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa ba ya barin laimar ta fita, kuma ba ya kama jikin ƙasa sosai, jingina kawai yake yi. Zafin bazara da sanyin hunturu sukan sa ya yi 'yar tsaga kamar gashi, musamman a kan rawanin soro, wato ɗan ginin da ya kewaye bakin rufi, da gefen indararo. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa tubalin ta ciki. Daga waje ba a ganin komai. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa: in ka ji yana amo kamar ganga, to yaɓen ya riga ya rabu da ginin. Laimar nan ita ce ke gayyato gara. Ranar da ɓawon simintin zai ɓallo, yakan taho da ƙasar bangon, ya bar rami mai zurfin da ya fi na farko. Wasu kan kafa ƙusoshi ko wayar kaji don simintin ya kama. Ƙarfen yana tsatsa, kuma kowace ƙusa ƙofa ce ga ruwa.

Aikin maginan gargajiya ya fi ɗaukar lokaci, amma shi ne ya dace da ginin. Suna fara kankare duk abin da ya yi laushi har su kai ga tubali mai ƙarfi. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko fiye tana ruɓa, ana ƙara ruwa. Kafin a yaɓa sai an yayyafa wa bangon ruwa, in ba haka ba busasshen tubali zai zuƙe ruwan kwaɓin nan take, yaɓen ya zubo. Babban rami ba a cike shi tashi ɗaya, hawa-hawa ake yi, ana barin kowane ya sha iska. Sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kan soro da rawani kuwa laso ne maganinsu: ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini na marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara, wani tsiron daji mai yauƙi. A nan ne wahalar take yanzu, domin marinar da ke aiki ta yi ƙaranci, katsi sai an nema, dattawan da suka san haɗin kuma suna ta raguwa. Duk maginin da ya ce maka zai haɗa laso ya shafa a yini ɗaya, nemi wani.

Aibin wannan hanya shi ne ba a yin ta sau ɗaya a manta. Makuba tana son sabuntawa akai-akai, indararo kuma sai an share shi kafin kowace damina. Amma kuɗin gyaran shekara ƙanƙani ne in aka kwatanta da sake ɗaura rufin azara.

Siminti yana da wurinsa: dakalin gindin bango da magudanar da za ta janye ruwa nesa da ginin. Wanda ya riga ya shafa a jikin bango, kada ya ɓamɓare da damina. Ya bari sai kaka ta wuce, a cire kaɗan-kaɗan daga sama, a bar tubalin ya bushe makonni kafin a mayar da yaɓen ƙasa.