Saba biyu, fayiloli iri ɗaya: rsync, Unison ko Syncthing?

In kana da saba biyu, wato kwamfutocin da ke ajiye fayiloli suna raba wa wasu, kuma kana so fayilolinsu su kasance iri ɗaya, akwai manhajoji uku da ake yawan ambata: rsync, Unison da Syncthing. Kafin ka zaɓi komai ka fara tambayar kanka, in an gyara fayil a saba ta farko, wani kuma ya taɓa shi a ta biyu kafin su daidaita, na wa za a bari? Duk rigimar a nan take.

Yawanci rsync ake fara kamawa, kuma gaskiya tsohon hannu ne, tun 1996 yake aiki, amma fa hanya ɗaya ya sani, daga nan zuwa can. In ka ce bari ka kunna shi sau biyu, zuwa da dawowa, to ka sani ba ya tuna yadda folda take jiya, fayil ɗin da ka goge a nan zai sake dawowa daga can, in kuma ka saka --delete, zaɓin da ke goge duk abin da babu shi a ɓangaren da ake kwafowa daga shi, sai ya share sabon fayil da ba a kai ga kwafowa ba. lsyncd, manhajar da ke kunna rsync da kanta duk lokacin da fayil ya canza, ita ma hanya ɗaya ce.

Unison kam don wannan aikin aka yi shi, Benjamin Pierce na jami'ar Pennsylvania ne ya jagoranci aikin. Yana ajiye bayanin yadda ya bar kowane ɓangare, shi ya sa yake gane an goge ne ko sabo ne, in gyara biyu suka ci karo kuma ba ya yanke hukunci da kansa, sai ya tambaye ka, ko ya tsallake fayil ɗin in da -batch ka kunna shi, wato zaɓin da ke sa ya yi aiki ba tare da tambaya ba. Ta SSH yake bi, wato amintacciyar hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa. Kawai ka saka sigar 2.52 ko sama, tsofaffin sai iri ɗaya sak a duka biyun suke yarda.

Syncthing shi kullum a kunne yake, ana canza abu ya tura, in an yi karo ya ajiye kwafi mai sync-conflict a sunansa, ƙofar sadarwa (port) mai lamba 22000 yake amfani da ita.

Ni dai in fayilolin saiti ne ko na shafin intanet Unison nake ɗauka, saboda ina so in san abin da ya canza. In mutane da yawa ke zuba abubuwa dare da rana, Syncthing, amma ka kunna ajiye tsofaffin kwafi don a kashe yake zuwa, in wani ya yi kuskuren gogewa nan take fayil ɗin zai tafi a duka biyun.

Don Allah kar ka saka foldar MySQL (manhajar rumbun bayanai) mai aiki a ko ɗaya daga cikin manhajojin nan, lalacewa za ta yi, MySQL tana da nata tsarin kwafi daban.